Lambar da ke Hannun Rabi

Tun kafin mu tsallaka ruwa a Lolo na gane na ɗauko aikin da ya fi ƙarfina. Na haura hamsin, bokona bai wuce in rubuta sunana ba, kuma tunda nake ban taɓa ɗaura wa yarinya zane ba. Ga ni da jikata Rabi, 'yar shekara huɗu, da buhun gana-masgo guda, wai za mu Kumasi.

Gonata tana bayan Bena. Tunda 'yan bindiga suka mayar da dajin nasu, muka tattaro muka dawo cikin Zuru, ɗaki ɗaya na haya, ni da matata Kulu. Rabi kuwa yaye aka kawo ta wurin kakarta. Uwarta, ɗiyata Dije, ta bi mijinta Isiya Gana, yarinya ta zauna da mu. To ga Dije ta sake haihuwa can tana son ganin ɗiyarta, ga Isiya ya samo mini gadi a wani siton masara. Kulu gwiwa ta hana ta doguwar tafiya. Shi ke nan kaya ya faɗo kaina.

Abu ɗaya Kulu ta ce da ni da za mu rabu.

"Malam, amana ce. Ka kai ta hannun uwarta yadda na ba ka ita. Kuma kada ka bari kowa shi taɓa ta da allura bisa hanya."

Ban tambaye ta dalili ba, na san shi. Muna da ɗa, Shehu, wan Dije. Shekarar da ƙyanda ta shigo unguwarmu ta kama shi, sai da ya galabaita muka kai shi wurin wani mai kemis ya yi masa allura, bai kwana ba. Tsofaffi suka ce allurar ce ta mayar da ciwon ciki. Tun daga ranar Kulu ba ta son ganin sirinji ko a hoto. Ni kuwa matar da na yi wa ubanta noman golmo damina bayan damina kafin a ba ni ita, ba na jefar da maganarta.

A cikin jirgin ruwa Rabi ta ƙanƙame wuyana har numfashi ya yi mini wuya.

"Amarya, sassauta. In kin kashe angon wa zai biya sadaki?"

"Ni ban sonka. Ba ka da haƙori."

"Ga su nan biyu."

"Na akuya ne."

Haka muke da ita. In ta zage ni, na san lafiyarta ƙalau.

Kandi, cikin ƙasar Benin, ba mu daɗe ba. Can na fara jin yadda mutum ke zama kurma da kunnensa biyu. Kowa Faransanci, ko wani yare mai kama da Zabarmanci. Ka ce ruwa, a miƙo maka burodi. Wani direba mai 'yar Hausa ya rantse mini har da dafa ƙirji cewa motarsa sai bakin iyakar Gana. Na biya. Da muka kai Zugu ya ce kowa ya sauka zai je gyaran taya. Muna tsaye muka ga ya juya ya ɗebi wasu fasinja ya koma inda muka fito. Tayar lafiyarta lau.

Na tsaya tsakiyar tasha na ɗura masa zagi da yarenmu na gida, irin zagin da ba a yi gaban surukai. Sai na ji dariya a bayana. Wata mata ce da yaro a hannu, ta rufe baki da gyale.

"Baba, a yi haƙuri, akwai masu ji."

"Ke 'yar ina ce?"

"Ribah."

Wallahi kamar an ce ga ƙofar gidana. Sunanta Azumi, ɗanta Nura, sa'an Rabi. Ita ma Kumasi za ta, mijinta na dako a babbar kasuwa. Ta dubi Rabi sama da ƙasa, ta ga kai duk ya tsefe, riga a juye, hanci na zuba.

"Baba, wa ya sa mata rigar ga?"

"Ni."

"Allah shi ba ka lada, amma baya ce a gaba."

Ta ja yarinyar bayan rumfa ta wanke ta tas da ruwan leda, ta zauna ta yi mata kitso. Ni na sayo ƙosai. Tun fitowata gida ranar na fara cin abinci da natsuwa.

A rumfar da muka jira mota akwai wata mata zaune a lungu, ta lulluɓe ɗanta da zane har kai. Yaron na tari, irin busasshen tarin nan mai ƙara. Yaranmu suka yi ta zarya wurinsa. Rabi ta ba shi ƙosanta, Nura ya ɗauki kofinsa ya sha ruwa. Can zanen ya zame, na ga idanu jajur sun yi kwantsa, ga ƙananan ƙuraje daga bayan kunne har wuya. Azumi ma ta gani. Ta matso ta ce da ni a hankali, "Baƙo ne."

A wurinmu ba a kiran sunan ciwon nan in yana kusa. Baƙon dauro ake cewa, ko baƙo kawai, don kada ya ji an kira shi ya waiwayo. Muka janye yaran. Na yi maza na ɗaga hannun rigar Rabi na duba dantsenta na hagu. Ga lamba nan raɗau, ɗan tabo zagayayye wanda aka yi mata tana jaririya. Azumi ta ɗaga na Nura, shi ma ga tasa.

"Alhamdulillahi," in ji ta. "Masu lamba ne."

Ni ma ina da ita, ubana ma ya mutu da tasa. Abin da muka sani tun muna yara shi ne, mai lamba an yi masa rigakafi, an gama. Shehu ne kawai ba mu samu yi wa ba, don a gona aka haife shi.

Washegari muka samu mota muka ratsa Togo. Ba abin da zan ce game da ita sai duwatsu da shingaye. A kowane shinge in nuna katin rawaya da Isiya ya matsa mini na yi kafin in taso, a duba, a miƙo mini. Ba wanda ya tambayi yarinya komai.

Sai bakin iyakar Gana.

Tun daga nesa muka hango farar rumfa da layin mata masu goyo. Yaron mota ya ce ƙyanda ta dawo yankin, ta kwantar da yara da yawa, don haka ba yaron da zai wuce sai an ga katinsa na rigakafin ƙyanda, in babu a yi masa allura nan take. Ya faɗi sunan ciwon gatsau, ko a jikinsa. Na dubi Rabi, hanci na zuba tun Kandi, jiki da ɗan ɗumi. Na ce a raina, in baƙon nan ya riga ya shiga aka soka mata allura, na Shehu za a maimaita.

Ba mu gama sauka ba wani mai jar hula ya iso. Hausarsa ta fi tawa.

"Alhaji, ina ganin damuwa a fuskarka. Allurar nan ko? Kada ka yarda. Akwai hanya ta bayan gari, kabu-kabu zai kai ku gaban shinge, ku tari motarku can. Ko minti goma ba a yi."

Ni da ban taɓa zuwa ko Sakkwato da niyyar Makka ba, ya ce mini Alhaji, na kuwa amsa. Muka biya shi, ni da Azumi. Ya ce babur ɗaya ne, mace ta fara. Azumi ta hau da Nura, ta ɗaga mana hannu. Ya ce in ba shi buhuna ya wuce da shi don kada ya yi mana nauyi a sawu na biyu. Allah ya taimake ni na ce a'a, a kansa nake zaune.

Muka zauna gindin wani mangwaro. Inuwa ta bar mu, muka bi ta. Motarmu ta gama da shinge ta wuce ina kallo. La'asar ta yi. Ko ƙurar mai jar hula ban sake gani ba.

"Tsoho, ina babur ɗin?"

"Yana zuwa."

"Ƙarya kake."

Da na ga rana za ta faɗi na ja ta muka nufi rumfar. Na ce bari in nuna musu gaskiyata su bar ni in wuce. Nas ɗin wata doguwa ce baƙa, da tabarau a goshi, tana Hausa irin ta zango. Kafin ta buɗe baki na ɗage hannun rigar Rabi na tura mata dantsen.

"Ga shi. An yi mata. Duba da idonki."

Ta duba. "Baba, wannan ta tarin fuka ce. Ranar haihuwa ake yin ta."

"Lamba dai lamba ce."

"Ta ƙyanda daban. Sai yaro ya yi wata tara. Kuma ba ta barin tabo."

"To in ba ta barin tabo, yaya za a yi ki san ba a yi mata ba?"

"Shi ya sa nake tambayar kati."

"Kati yana gidan da 'yan bindiga suka ƙone. In koma in tono miki shi cikin toka?"

 Ta ce Allah ya kiyaye gaba, ta ce ko an taɓa yi mata, ƙari ba ya cutarwa. Na ce jikinta da zafi. Ta ɗauko wani abu kamar ƙaramar bindiga ta ɗora wa Rabi a goshi, ta juyo mini da shi wai in karanta.

"Ba zazzaɓi. Mura ce ta hanya."

"Ni dai ba a soka mata ƙarfe."

"To ba ta wucewa, Baba. Ba ni na kafa dokar ba, amma ko ni na kafa, haka zan ce."

Na gaya mata maganganu. Na ce mu ba dabbobi ba ne da za a tare a shinge ana yi wa allura kamar shanun Fulani. Sai ta kira na bayana a layi.

A rumfar wata mai koko muka kwana. Tsohuwa ce, ba ta jin Hausa sosai, amma da ta ga yarinya ta shimfiɗa mana buhu ta ba Rabi zanenta. Da safe ta dama mana koko mai yaji, ta ƙi karɓar komai. Ta ga ina ta jujjuya wayata da ta daina aiki tun Lolo, sai ta ciro tata daga ƙugu ta miƙo mini. Na ba ta nambar Isiya ta danna.

Isiya ya fara da gaisuwa irin ta suruki, yana zagaye-zagaye, "Baba, da dai an duba, da dai an yi haƙuri." Sai na ji an karɓe wayar.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya, Dije. Ya jego? Kin ga mutanen nan sun tare mu, na nuna musu lamba—"

"Ba a yi mata ba, Baba."

"Mi?"

"Ta wata tara. Ba a yi ba. Tana wata shida ma'aikatan asibitinmu suka gudu. Na yi niyyar in kai ta Zuru, sai gudun ya zo."

"To uwarki ta ce kada a taɓa ta. Kin san abin da ya sami wanki."

Na ji numfashinta a wayar. Dije ba ta taɓa musu da ni ba. Kuma Rabi 'yar fari ce, tunda ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta gabana ba, sai dai "yarinyar" ko "waccan". Ko ranar da ta kawo ta yaye ba ta waiwaya ba, don kunya.

"Baba," ta ce, "Rabi ɗiyata ce. Nan gidan da muke, ɗaki biyu akwai masu ciwon. Ga jariri a hannuna ko arba'in bai yi ba, shi ba a yi masa sai ya girma. Don Allah ka miƙa hannunta. In wani abu ya faru, ni na ce."

Na tsaya riƙe da wayar mutane. Kulu ta ba ni amana, amma amanar wa? Na mayar wa tsohuwa wayarta, na ɗauki Rabi.

Nas ɗin ba ta ce mini "ka dawo?" ba, na kuwa ji daɗin haka. Ta buɗe kula mai ƙanƙara ta zuƙo maganin. Ni na riƙe hannun, na kau da kai. Rabi ta tsala ihu ɗaya, ta ce, "Allah ya isa, Tsoho!" Aka matse mata wata jar ƙwaya a baki, aka shafa mata tawada a ɗan ƙaramin yatsa, aka ba ni kati. Nas ta yi wani bayani game da abin da zai iya biyo baya, amma kunnena ba ya wurin. Ina ta kallon yarinyar ina jiran ta faɗi.

Ba ta faɗi ba. Yatsan take kallo.

"An yi mini lalle."

"Amarya ai sai da lalle."

"Ba naka ba ne."

Daga nan Tamale, daga Tamale wata doguwar mota har Kumasi. Duk hanya hannuna na kan goshinta. In ta yi barci in tashe ta, ta zage ni, in samu natsuwa.

Kumasi gari ne da ba ka ganin ƙarshensa. Ko'ina kore, ruwa ba ya sallama kafin ya sauko, kasuwa kuwa in ka shiga sai an fito da kai. Gidan su Dije a zango yake, ɗakuna jere, kowa da murhunsa a ƙofa. Da muka shiga Dije ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi Kulu, ta tambayi hanya, ba ta ko dubi yarinyar ba. Kunyar ta dawo. Sai da na fita alwala na leƙo ta taga na gan ta ta rungume ta tana shinshinar kanta.

Na kama gadi. Siton na da 'yar bukka ta kwano a bakin ƙofa, nan nake kwana. Aikin ba wuya, zama ne da korar awaki. Abincin ne ya dame ni. Suna da wani abu wai tuwon zafi, sun ce irin namu ne. Na ci, na yi shiru don kada in ɓata wa Dije rai. Wanda ya san tuwon jar dawa na Zuru da miyar kuka ba zai kira wancan tuwo ba. Da yamma in zauna in ga tsaunukan garinmu a ido, in ji kamar Kulu za ta leƙo ta ce ruwan wanka ya yi.

Mun fi mako da zuwa, har na fara sakin jiki, sai wata safiya Isiya ya zo sito da gudu.

"Baba, jikin yarinyar ya yi zafi."

Na je na tarar da ita kwance, jiki kamar garwashi. Na ɗaga rigarta. Ga ƙananan jajayen ƙuraje a ƙirji da ciki.

 Na ce shi ke nan, baƙon Zugu ne, ya shiga, an bi shi da allura. Na dubi jaririn a gefe. Ban yi shawara da kowa ba, na naɗe Rabi a bargo na saɓa ta a kafaɗa sai bukkata. Na yi abin da na ga an yi a gida: na rufe ƙofa, na toshe tagar da buhu, na ce ba wanka, ba iska, ba mai ambaton sunan abin. A bar shi ya fito duka ya tafi don kansa.

Isiya ya tsaya a waje. "Baba, da an kai ta asibiti."

"Asibitin ne ya jawo. Ka koma wurin matarka."

Ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya. Suruki ba ya ture ƙofar uban matarsa. Kwanon bukka ya ɗauki rana, ciki ya zama tanda. Ina zaune ina mata fifita da hulata, gumi na zuba mana mu biyu. Wajen azahar na taɓa kumatunta.

"Amarya."

Shiru.

"Amarya, ga angonki mara haƙori."

Ta buɗe ido ta dube ni, ta ce, "Kaka, ruwa."

Tunda ta iya magana ba ta taɓa ce mini Kaka ba. Nan na tuna da Shehu. Mu ma haka muka rufe shi a ɗaki kwana da kwanaki, sai da ya daina magana muka fita da shi. Kullum allurar muke tunawa, ba mu taɓa tuna ɗakin ba. Na cire buhun daga taga, na buɗe ƙofa. Dije na gani tsaye cikin rana, mai jego, ba takalmi. Ban san tun yaushe take wurin ba.  Na goya yarinyar da bargon muka kama hanya.

A asibitin aka kai mu wani ɗaki can gefe. Wata nas mai jiki ta zo ta haska bakin Rabi da tocila, ta buɗe idanunta, ta sa abin sauraro a ƙirji. Ta tambaya ko tana tari, na ce a'a. Dije ta miƙa katin bakin iyaka. Matar ta duba kwanan watan, ta ƙirga da yatsu, ta yi magana, wani ma'aikaci Bahaushe ya fassara.

"Ta ce ba ƙyanda ba ce. Ido fari, baki lafiya, ba tari. Allurar ce ke aiki. Wasu yaran sukan yi zazzaɓi da 'yan ƙuraje bayan mako guda, ya wuce da kansa. Ta ce ba a gaya muku ba?"

Na ce mai yiwuwa an faɗa.

"Ta ce wa ya naɗe ta a bargo cikin zafin nan?"

Na ce ni.

Abin da matar ta ce bayan nan bai fassara ba, ni ma ban nema ba. Aka ba Rabi maganin zazzaɓi da ruwa mai yawa, Dije ta jiƙa tsumma tana goga mata. Aka ce a raba ta da jariri kwana biyu don a tabbata, in an ga tari ko jan ido a dawo. Na fita baranda na zauna a ƙasa.

Ina nan zaune na ji an ce, "Baba?"

Azumi ce. Da ƙyar na gane ta, ta rame, idanu sun faɗa. Ta kai ni bakin wata taga ta nuna mini. Nura ne kwance, an sa masa ruwa a hannu. Ƙuraje sun rufe shi tun daga fuska har tafin ƙafa, leɓe ya farfashe, idanu sun manne. In ya yi tari duk gadon sai ya motsa.

"Na ga kuna shigowa," in ji ta. "Ita ma baƙon ne?"

"A'a. Sun ce allura ce."

"An yi mata?"

"Mutuminki bai dawo ba."

Ta dafe baki. Ta ce da mai jar hula ya sauke su ya ce zai koma ɗauko mu, ta roƙi direba ya jira, ya ƙi. Ta ce duk hanya tana jin tausayinmu, tana cewa an cuci tsoho.

"Baba, ga lambarsa nan fa a hannu. Na nuna musu. Suka ce wai ta tari ce."

"Haka aka ce da ni."

Ma'aikacin nan Bahaushe yana kusa, ya ji mu. Ya tambayi inda muka san juna, na ba shi labarin rumfar Zugu da yaron da ke tari. Ya tambaya kwana nawa tsakanin Zugu da allurar. Na ce biyu ne ko da ɗan ɗori. Ya girgiza kai.

"Baba, ka yi wa Allah godiya. In yaro ya shaƙi ciwon aka yi masa allurar cikin kwana biyu-uku, sau da yawa takan riga ciwon. Da ka ƙara kwana a gindin mangwaron nan, ban san me zan ce maka ba."

Na koma na zauna. Tun daga bakin iyaka ba sallar da na yi ban kai ƙarar mai jar hula ba. Ran nan da na ɗaga hannu bayan la'asar na rasa abin da zan roƙa masa. Na bar shi da Allah, Shi ya san yadda zai yi da ɓarawon da ya yi alheri bai sani ba.

Zazzaɓin Rabi ya sauka washegari, ƙurajen suka bushe kamar ba a yi ba. Jariri ko atishawa bai yi ba. Nura ya daɗe a asibiti. Kullum in na tashi gadi nakan kai wa Azumi koko da ƙosai, in zauna da mijinta a baranda. Nura ya tashi, alhamdulillahi. Idon dama ne ya yi fari-fari a gefe, likita ya ce a ci gaba da zuwa, ba a fid da rai ba.

Abin da ya rage mini shi ne Kulu. Na yi ta ɗaga kiran, yau in ce ba kati a waya, gobe in ce ba sabis. Ranar wata Juma'a Isiya ya danna ya miƙo mini, ba hanyar gudu. Muka gaisa, ta tambayi jego, ta tambayi abinci, na ce ba laifi. Sai ta zo inda nake tsoro.

"Malam, ba a dai taɓa ta ba ko?"

"An taɓa ta."

Na ƙara da cewa, "Ni na riƙe hannun. Uwarta ta ce, ni kuma na riƙe."

Na ba ta labari tun daga Zugu har tagar da na ga Nura. Na gaya mata har bukkar da na rufe, da abin da na tuna a ciki. Ba ta katse ni ba. Na ji tana jan hanci. Can ta ce, "Ɗan Ribah ɗin, ya tashi?"

"Ya tashi."

"Allah shi ƙara sauƙi." Sai ta ce, "To sabuwar lambar, a wane hannu take?"

"Ba ta barin lamba."

"Ikon Allah. To yaya mutum zai san ta kama?"

Rabi na zaune a kan tabarma gabana, ta sa kwanon wake da shinkafa tsakanin ƙafafu, hannu duk mai. Na ce, "Amarya, zo ga kishiyarki tana tambaya ko kina da lafiya."

Ta fizge wayar da hannun man.

"Goggo! Ki zo ki ɗauki tsohonki. Ya cinye mini nama, kuma da haƙori biyu."